Ranar da Na Shanya Motar Alhaji Chindo

Kawu Iro ne ya kai ni gaban Alhaji Chindo, a shekarar da Nasara suka naɗe tutarsu suka bar mana ƙasa. Ni ɗan ƙanwarsa ne, sunana Ɗanasabe. A Cadawa aka haife ni, amma na yi shekara bakwai a Maraɗi ina aiki gidan wani Bature ɗan kasuwa da muke ce wa Mai Lofe. Da Mai Lofe ya tashi komawa garinsu, sai ya sayar da motarsa ga Alhaji Chindo, babban mai sayen gyaɗa na Gidan Rumji. Baƙar Fijo ce, mai sheƙin da mutum zai iya gyara rawaninsa a jikin ƙofarta. Alhaji ya samu mota ba direba, ni kuma ga takardar tuƙi a aljihu ba aiki.

Kawu baduku ne, rumfarsa na bakin kasuwa. Ba ya da komai a duniya sai allura da wuƙa da maganarsa, amma maganar nan tasa ta fi gonar wasu albarka. In za a ɗauki mai awo a garin, ko mai gadin rumbu, ko a ba mutum tumaki kiwo, sai ka ji an ce a tambayi Iro. In ya tsaya wa mutum, magana ta ƙare. In ya yi shiru ya ci gaba da ɗinkinsa, ita ma ta ƙare. Da wannan maganar ya aurar da ƴaƴansa huɗu, da ita yake zama a sahun manya ranar suna ko jana'iza, shi da rigarsa mai faci. To ita ya ɗauka ya ajiye gaban Alhaji saboda ni, Alhaji kuwa bai ƙara tambaya ba, ya miƙo mini mabuɗi.

A akwatin bayan motar Mai Lofe ya bar abu biyu, gwangwanin kakin goge mota da injin da yake gogewa da shi. Injin ɗan ƙarami ne, bai kai tulu ba, yana da doguwar wutsiya ta ƙarfe mai lanƙwasa, a bakin wutsiyar akwai faifai da ake sanya wa hular gashi. Ranar da Alhaji ya gan su, ya tambaye ni ko na iya aiki da su. Zaure cike da mutane, Kawu na zaune a gefe. Na ce, "Alhaji, ai wannan injin a hannuna ya tsufa."

Ƙarya nake. Tuƙi kam na iya, ko yau a ba ni mota cikin yashi in fitar da ita. Amma shafa kaki, Mai Lofe bai taɓa barin hannun wani ya yi masa ba. Shi da kansa yake yi ran Lahadi, cikin garaji, ƙofa a saye. Abin da na sani shi ne ƙarar injin, da ƙamshin kakin, da yadda motar ke fitowa tana ɗaukar ido. Ni nawa aikin bokiti ne da tsumma. Me zai hana in ce ban iya ba? Girman kai ne kawai, irin na wanda ya zauna da Bature ya dawo ƙauye yana ganin kowa jahili.

Aka yi wata takwas ba wanda ya sake tada zancen. Sai a tsakiyar bazara labari ya zo cewa manyan gwamnati za su zo daga Yamai su ga gari, karo na farko tun da mulki ya dawo hannunmu. Ƙaramar mota ɗaya ce a Gidan Rumji, don haka aka roƙi Alhaji a je Maraɗi da ita a ɗauko su. A lokacin rana da yashi sun dusashe fentin, baƙin ya koma kamar bayan tukunya. Ana gobe tafiya, Alhaji zai hau babbar motar kaya ya tafi kasuwar Cadakori, sai ya kira ni.

Ya ce, "Ɗanasabe, ka fito da kayan nan na Nasara. Ina son motar ga ta koma yadda na sayo ta. Kada baƙi su ce da anka bar mana ƙasa komi ya lalace."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Yana tafiya na buɗe gwangwanin. Akwai rubutu a jiki, amma ni ban yi lakol ba, wato boko, kuma da in kai wa malamin makaranta ya karanta mini, gari ya ji direban da ya zauna da Bature bai san kaki ba, gara in mutu. Matambayi ba ya ɓata, an faɗa, to ni ban tambaya ba. Na zauna ina kallon kakin, fari-fari mai laushi, sai na ga ai ba shi da maraba da man kaɗe. Man kaɗe kuwa na san aikinsa tun ina zuwa hutu rumfar Kawu. In fata ta bushe, a laɓta mata mai da yawa, a kai ta rana ta sha, sannan a murje. Kowane baduku haka yake yi, ko tsohuwa mai gyaran ƙwarya ta san wannan. Na ce a raina, ashe abin da Mai Lofe ke ɓoyewa ke nan, ilimin da muke da shi tun kakanni.

Na sa hannu na kwaso. Na laɓta wa motar tun daga hanci har baya, ban bar ko bakin gilashi ba, sai da na ga gindin gwangwani. Sannan na fitar da ita daga inuwar ɗurumin ƙofar gida, na kai ta tsakiyar fili na shanya. Na koma na sha fura, har da ɗan gyangyaɗi, ina jin kaina gwani.

Da azahar na fito na duba. Motar ta yi fari fat, kamar an shafe ta da farar ƙasa. Ƙarfen ya yi zafin da ba a iya taɓawa, kakin ya ƙame ya tsattsage, ya shige kowane lungu. Na sa tsumma na murza, ko gezau. Na sa farce, sai ɗan ɓarɓashi ya fito.

Sai na tuna da injin. Ai dama da shi Bature ke cire kakin, na ce, ni ne na yi gaggawar tsorata. Amma injin na wuta ne, Gidan Rumji kuwa a lokacin ko fitilar lantarki ɗaya babu. Ga shi kuma da na ɗauko hular gashin, asu ya cinye ta a ɗakin ajiya, sai ƙyalle da zare.

Hular ba ta dame ni ba. Na san fatar tunkiya ce, na taɓa wanke ta a Maraɗi. Na ruga rumfar Kawu, na same shi yana datse gefen wani buzun salla. Na ce ya ba ni guntu kamar faɗin faifai. Ya zaɓo mini mai kyau, ya miƙo.

Ya ce, "Mi za ka yi da shi?"

Na ce, "Wani ɗan aiki ne na mota, Kawu."

Ya ce, "To. Kai ka san mota," ya koma kan wuƙarsa.

Abin da ban lura ba, tunkiyar ƙasar Nasara ulu gare ta, laushi kamar auduga. Tamu kuwa, uda ce ko balami, gashi gare ta, gajere mai tauri, ga ƙwayar yashi da ƙaiƙayin ƙarangiya da ko jimar fata ba ta gama fitarwa. Ni a wurina tunkiya tunkiya ce. Na ɗaure guntun buzun a faifan da tsirkiya, na ja tam.

Sauran abin da zai juya shi. Inji ɗaya ne a garin mai ƙarfin kansa, injin niƙan Shu'aibu da ke bayan masallacin Juma'a. Na shiga motar na tuƙa ta can, ina leƙe ta wani ɗan wuri da na kankare a gilashi. Allah ya taimake ni rabin maza sun tafi Cadakori, amma mata na nan a layi da ƙoren hatsi. Suna ganin motar sai wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah, motar Alhaji ta yi furfura." Na yi kamar ban ji ba.

Shu'aibu mutum ne mai son dabara, ba ya jin an ce abu ba ya yiwuwa. Ya juya injin Baturen, ya ga ƴar ƙaramar ƙafa a gindinsa inda bel, wato ɗamarar da ke juya inji, zai hau, ya ce wannan ai wasa ne. Ya kashe niƙa, mata na gunaguni, ya ɗaure injin a turmi da igiya, ya jawo bel daga babbar ƙafar injinsa ya ɗora. Sai dai ya ɗan tsaya ya dube ni.

Ya ce, "Ɗanasabe, babbar ƙafa in ta juya sau ɗaya, ƙaramar ga za ta juya sau goma. Haka Nasaran ke yi?"

Na ce, "Har ya fi haka gudu. Tada kawai."

Ya tada. Wutsiyar ta yi tsalle a hannuna kamar an kama maciji, faifan na kuka har ba a ganin gashin. Garin gero da ke tashi a wurin duk ya sauka a kan motar, ban ma kula ba. Na danna faifan a tsakiyar murfin injin motar, wurin da kowa ke fara kallo. Farin ya tashi nan take, baƙi ya bayyana, na ji daɗi ya kama ni, na ƙara dannawa. Sai na ji ƙauri. Baƙin ya koma toka-toka, toka-tokan ya koma ja, kafin in ɗaga hannu ga farin ƙarfe tsirara. Na ja gefe don in gyara bakin wurin, faifan ya kufce ya zana da'ira uku har kan fuka-fukin taya. Shu'aibu ya kashe inji da kansa, ba wanda ya ce masa.

Wurin ya cika da warin ƙonannen gashi. Tabon ya kai faɗin babban faifai, kewaye da zane-zane kamar kaji sun yi tono. Garin neman gira na rasa ido. Na tsaya riƙe da wutsiyar, wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na mayar da motar inuwar ɗurumi, na kwance faifan na jefar a gefe. Don rashin abin yi na ɗora ruwa a wuta, na samo sabulu da tsohon rawani mai laushi, na fara wanke sauran jikin a hankali. Kun san abin takaici? Da ƙarfen ya huce, ruwan ɗumi ya jiƙa shi, kakin ya dinga saki da kansa. Kafin la'asar sakaliya ƙofofi da baya sun fito tas suna sheƙi. Aikin bokiti da tsumma, wanda na iya tun farko, shi ne maganin. Murfin inji kaɗai ya rage da abin da na yi masa.

Alhaji ya dawo ana shirin magariba. Labari ya riga ya iske shi, don tare da jama'a ya taho, Kawu ma ya rufe rumfa ya biyo su. Alhaji ya zagaya motar sau ɗaya, ya tsaya a gaba, ya daɗe yana kallon tabon. Ba mai faɗa ba ne, kuma na fi son a ce ya zage ni. Ya sunkuya ya ɗauki faifan da ke yashe a ƙasa, ya shafa ƙonannen gashin da yatsa.

Ya ce, "Wanga buzu na wa ne?"

Na ce, "Daga rumfar Kawu Iro ya fito."

Ya ce, "An ce mini an laɓta mata mai an shanya ta a rana. Haka Nasaranka ke yi?"

Nan ne wurin. Kalma uku ta ishe ni, in ce ban iya ba. Na ɗaga kai na ga idanu sun fi talatin, na tuna cika bakin da na yi a zaure, na tuna mabuɗin da ke aljihuna. Sai na ji bakina yana cewa, "A'a, ranka ya daɗe. Wannan dabarar dukawa ce. Ni ba haka na koya ba."

Ban ambaci sunansa ba. Shekara da shekaru ina lallashin kaina da wannan, wai ban ce Kawu ne ya sa ni ba. Amma baduku nawa ne a tsaye a wurin? Duk kai ya juya wajensa. Kawu ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da yake yi wa fata in yana neman inda ta huje. Sannan ya gyara tsayuwa.

Ya ce, "Buzuna ne, Alhaji. Kuma haka muke yi wa fata. A yi haƙuri."

Alhaji ya dube shi, ya dube ni, ya ajiye faifan a kan murfin, ya ce a je a yi salla.

Washegari aka shimfiɗa sabuwar tutar ƙasa a kan murfin, aka ɗaure kusurwoyinta da zare, na je Maraɗi na ɗauko baƙi. Har yaba mana suka yi, wai mutanen Gidan Rumji akwai kishin ƙasa. Ni ina tuƙi ina amsa yabo. Da baƙi suka tafi aka cire tuta, yara suka sa wa motar suna Mai Kyasbi saboda tabon, sunan ya bi ta har ta mutu. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya koma kan Kawu. Duk wanda ya wuce rumfarsa sai ya tsokane shi. "Iro, an ce yanzu har mota kake jemewa?" "Iro, ga kekena, a shafa masa man kaɗe." Yakan yi murmushi ya ci gaba da ɗinki. Ni kuwa na canja hanya, in zan je kasuwa sai in zagaya ta bayan mahauta. In mun haɗu a masallaci ya tambaye ni lafiyar uwata kamar kullum, ni in amsa ina kallon tabarma. Sau biyu na tashi in je in durƙusa masa, sau biyu ina kaiwa bakin kasuwa ina juyowa.

Aikina kuwa ba abin da ya taɓa shi. Na ɗauka asirina ya rufu, na ɗauka tsokana ce za a yi a gaji.

Da kaka ta yi, aka buɗe cinikin gyaɗa, Alhaji na neman wanda zai riƙe masa sikeli a Cadakori. Aiki ne na amana, ba a ba kowa. Kawu na da suruki, Mudi, mijin babbar ƴarsa, magidanci mai ƴaƴa biyar da tsutsa ta cinye masa gero a shekarar. Mutum ne da ko tsinke ba ya ɗauka in ba nasa ba, gari duk ya sani. Wata safiya ina goge gilashi a ƙofar gida sai ga Kawu ya taho da shi, ya sa rigarsa ta Juma'a. Alhaji na fitowa za mu tafi, suka gaisa a tsaye.

Kawu ya ce, "Alhaji, na ji kana neman mai sikeli. Ga Mudi. Ni na tsaya masa."

Alhaji ya ce, "Malam Iro, na gode. Bari in duba tukuna."

A garinmu ba a taɓa ce wa Iro bari in duba ba. Shi ma ya ji, don na ga yadda hannunsa ya nemi aljihun riga ya rasa. Ya ce, "To, Allah shi zaɓa mafi alheri," ya juya, Mudi na bin sa a baya.

Na buɗe wa Alhaji ƙofa ya shiga, na zauna a gaba, na kasa murɗa mabuɗi. Na ce, "Alhaji, ina da magana. Zancen motar nan, Kawu bai san hawa ba bai san sauka ba. Ni na shanya ta, ni na roƙi buzun ban gaya masa dalili ba. Ban taɓa riƙe injin nan ba sai ran nan. In don wannan ne, a ba Mudi aikin, ni a kore ni."

Ina kallon sa ta madubi. Ko mamaki bai yi ba.

Ya ce, "Na sani tun ran da abin ya faru. Iro bai taɓa koya wa kowa abin da bai iya ba."

Na ce, "To don me, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Fenti ana sake shi, Ɗanasabe, ba shi ya dame ni ba. Iro ya kawo mini mutum ya ce amintacce ne. Mutumin ya tsaya gabana, gaban jama'a, ya ɗora wa kawunsa laifi don ya tsira da mabuɗi. Wanda bai gane ɗan ƙanwarsa ba, surukinsa zai gane?" Ya gyara zama. "Kai kuma ba zan kore ka ba, direba na wuya a ƙasar ga. Tada mota, rana na yi."

Na tada. Hanyar Cadakori ta bakin kasuwa ta bi, ba wata. Muka cim ma su Kawu suna tafe a gefen hanya, Mudi kansa a ƙasa, Kawu na gaba yana riƙe da bakin rigarsa kada ta sha ƙasa. Da ya ji ƙarar mota ya ja Mudi gefe don mu wuce, ya ɗaga mini hannu. Sati bai cika ba Mudi ya ɗaure kayansa ya tafi cirani Kano, Alhaji ya ba wani mutumin Tibiri sikelin. Daga shekarar nan ban sake jin an ce a tambayi Iro ba.